Ƙarar Gayya: Yadda Jama'a Ke Haɗa Kai Su Gurfanar da Kamfani Gaban Shari'a

DIKO, Jihar Neja — Ran Asabar 18 ga watan Janairun 2025 wata tanka ɗauke da fetur kimanin lita 60,000 ta faɗi a mararrabar Diko, inda hanyar Minna ta rabu da babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, tafiya kaɗan daga garin Suleja. Ana cikin ƙoƙarin juye man a wata tankar, jama'a kuma sun taru suna kwasar wanda ya malala, sai wuta ta tashi. Daga bisani Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jihar Neja ta bayyana cewa mutane 98 sun rasu, wasu 69 sun jikkata, shaguna 20 kuma sun ƙone. Watanni uku kafin wannan, a watan Oktoban 2024, irin wannan masifa ta ci rayukan mutane fiye da 150 a garin Majiya na Jihar Jigawa. Daga ran 1 ga watan Maris na 2025 hukumomi suka haramta lodin fetur a tankokin da ke ɗaukar lita 60,000.

A duk lokacin da asara ta faɗa wa ɗaruruwan mutane daga tushe guda, ko gobara ce, ko gurɓataccen magani, ko cajin kuɗin da ya wuce ƙa'ida, abin da aka saba gani shi ne ziyarar jaje da rabon kayan agaji. Sai dai agaji kyauta ce da mai bayarwa ke yanke yawanta, ita kuwa diyya haƙƙi ce da ake nema a kotu daga wanda aka tabbatar cewa sakacinsa ne ya jawo asarar. Matsalar ita ce mai shago ɗaya ko magidanci ɗaya da wuya ya iya ja da kamfanin da ke da lauyoyi na musamman. Saboda haka ne dokokin ƙasashe da dama suka buɗe hanyar da mutane masu koke iri guda za su haɗa ƙararsu wuri ɗaya, watau ƙarar gayya.

Lissafin da ke bayan haɗa ƙara

Dalilin haɗa ƙara na tattalin arziki ne tun kafin ya zama na shari'a. Kuɗin gudanar da shari'a, irin su ladan lauya, kuɗin shigar da takardu, ladan ƙwararren da zai ba da shaida da kuɗin zirga-zirga, ba ya raguwa sosai don asarar mai ƙara ƙarama ce. Alal misali, a ƙaddara 'yan kasuwa 400 ne kowannensu ya yi asarar Naira 150,000, shari'ar kuma za ta ci Naira miliyan uku. Babu mai hankalin da zai kashe miliyan uku don ya karɓo dubu ɗari da hamsin. Amma idan suka haɗu, jimillar abin da suke nema ta zama Naira miliyan 60, kuɗin shari'ar kuma ya koma Naira 7,500 a kan kowane mutum. Ƙarar da ba ta yiwuwa ga mutum ɗaya ta zama mai yiwuwa ga taro.

Bugu da ƙari, akwai amfanin da ya wuce aljihun masu ƙara. Kamfanin da ya san cewa waɗanda ya cutar ba za su iya kai shi ƙara ba, ba shi da wani dalili na kuɗi da zai sa ya gyara birkin motocinsa ko ya inganta kayansa, tun da yake wasu ne ke ɗaukar nauyin sakacinsa. Da zarar diyya ta zama abin da ake iya karɓa, sakaci ya shiga littafin lissafin kamfani a matsayin asara, kamfanin inshorar da ya tsaya masa shi ma ya soma sa ido. Har ila yau kotu kanta takan huta, domin alƙali ɗaya zai saurari hujja sau ɗaya, a kuma kauce wa hukunce-hukunce masu cin karo da juna a kan magana guda.

Asalin tsarin

Nijeriya ta gaji wannan tsari ne daga Ingila. A shekarar 1900 kotun ƙolin Ingila ta wancan zamani ta yanke hukunci a ƙarar da wasu manoman kayan lambu shida suka shigar a kan mai kasuwar Covent Garden ta birnin Landan, a madadin kansu da sauran manoma, game da rumfuna da kuɗin da ake karɓa a hannunsu. Kotun ta gindaya sharuɗɗa uku waɗanda kotunan Nijeriya ke bi har yau: sha'anin ya kasance ya shafi kowa da kowa a rukunin, koken ya zama ɗaya, abin da ake roƙon kotu kuma ya kasance zai amfani dukan waɗanda ake wakilta.

A shekarar 1910 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ƙuntata hanyar. Wasu fatake da kayansu suka nutse a wani jirgin ruwa lokacin yaƙin Rasha da Japan sun nemi a yi musu shari'a ɗaya, kotu ta ƙi, bisa hujjar cewa kowannensu da yarjejeniyarsa daban, asararsa ma daban. Wannan hukunci ya daɗe yana hana neman diyyar kuɗi ta hanyar wakilci a ƙasashen da suka gaji dokar Ingila.

Amurka ta bi wata hanya. A shekarar 1966 aka yi wa ƙa'ida ta 23 ta kotunan tarayyarta kwaskwarima, ta yadda mutum ɗaya ko kaɗan za su iya tsayawa a madadin dubbai, hukuncin kuma ya hau kan duk wanda ke cikin rukunin sai fa wanda ya rubuto ya ce a cire shi. Wannan shi ne tsarin da akan ji labarinsa a shari'o'in kamfanonin taba da na magunguna. Nijeriya ba ta da doka guda mai faɗi irin wannan, abin da ke akwai yana cikin ƙa'idojin da kowace babbar kotu ke gudanar da shari'o'in da ba na laifi ba.

Hanyoyi uku a kotunan Nijeriya

Hanya ta farko ita ce haɗa sunaye. Duk masu koke su sa sunayensu a takardar ƙara ɗaya, kowa ya bayyana asararsa, kowa kuma ya kawo hujjarsa. Wannan ta fi dacewa inda masu ƙara ba su wuce gommai ba, asararsu kuma ta bambanta.

Hanya ta biyu ita ce ƙarar wakilci, wadda ta fi kowace yawa a ƙasar nan, musamman a rigingimun filaye da sarauta. Mutane kaɗan ne ke sa sunayensu, tare da bayanin cewa suna ƙara a madadin kansu da kuma wani rukuni da aka fayyace.

Hanya ta uku ita ce wadda kotu ke naɗa wakili ga rukunin da ba a san iyakar mutanensa ba ko ba a iya samunsu cikin sauƙi. Ƙa'idojin kotuna sun taƙaita wannan ga wasu batutuwa. A Babbar Kotun Jihar Legas, alal misali, ta shafi rabon gado, dukiyar amana, filin iyali ko na al'umma da fassarar takarda ko doka, a Babbar Kotun Tarayya kuwa an tanade ta ga shari'o'in tambarin kasuwanci da haƙƙin mallakar fasaha da ƙirƙira.

Hukunce-hukunce biyu sun nuna inda iyakar take. A cikin shekarun 1970 al'ummar Ogbia ta yankin Neja-Delta ta kai kamfanin Shell-BP ƙara saboda datse rafin Kolo da aka yi, wanda suka ce ya jawo ambaliya a gonaki ya kuma hana jiragen kwale-kwale kai kaya kasuwa. Kotu ta kori ƙarar, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a 1977, a cikin dalilan kuwa har da cewa asarar kowane manomi tasa ce shi kaɗai, ba a neman ta a dunƙule. A shekarar 1991 kuma Kotun Ƙoli ta goyi bayan mazauna rukunin gidaje na Ire-Akari da ke Isolo a Legas, waɗanda suka kai kamfanin sufuri na Interland ƙara saboda tirelolinsa da ke toshe musu hanyoyi suna lalata tituna. Kotun ta ce Tsarin Mulki ya ba ɗan ƙasa ikon kai ƙara a kan abin da ke damun jama'a ba tare da jiran izinin Antoni-Janar ba. Wannan hukunci na da muhimmanci ga garuruwan da ke bakin manyan hanyoyi irin su Diko, Maje da Tafa, inda manyan motoci ke yada zango.

Abin da za a fahimta daga hukunce-hukuncen biyu shi ne cewa wakilci ya fi ƙarfi inda ake neman kotu ta hana wani aiki, ko ta bayyana wani haƙƙi, ko ta ba da diyyar abin da al'umma ta mallaka tare, kamar rafi ko makiyaya. Inda ake neman diyyar rai ko ta shago, tilas a shirya tabbatar da asarar kowane mutum da sunansa.

Matakan soma ƙara

Mataki na farko shi ne tantance su wane ne masu koken, a kuma rarraba su bisa irin asararsu. A hatsarin tankar mai, alal misali, mai shagon da wuta ta iske a wurin sana'arsa, da matafiyin da ke wucewa, da wanda ya je ɗibar mai, matsayinsu a gaban doka ba ɗaya ba ne. Lauyan kamfani zai yi ƙoƙarin nuna cewa wanda ya kusanci man da kansa ya ba da gudummawa ga abin da ya same shi, doka kuwa ta yarda a rage diyya gwargwadon sakacin mai ƙara. Cakuɗa waɗannan rukunoni a ƙara ɗaya kan raunana ta masu hujja mai ƙarfi. Ana buɗe rajista mai ɗauke da suna, adireshi, lambar shaidar ɗan ƙasa, irin asara da ƙimarta, kowa kuma ya sa hannu ko ya dangwala.

Mataki na biyu shi ne adana hujja tun da ɗuminta: rahoton 'yan sanda da na Hukumar Kiyaye Haɗurra, katin asibiti, rasiɗin magani, takardar shaidar mutuwa, rasiɗin sayen kaya, littafin ciniki, takardar haya da hotuna. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta amince da hoto da bidiyo da saƙon da aka ɗauko daga waya ko kwamfuta, amma sai an cika sharuɗɗan da ta gindaya, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da aka yi amfani da ita. Ɗan kasuwar da ba ya rubuta ciniki yakan sha wuya a nan, domin kotu ba ta ba da diyyar kaya bisa ƙiyasi, sai an lissafa an kuma tabbatar.

Mataki na uku shi ne gano ainihin wanda za a kai ƙara. A idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, daban da masu shi, don haka sunan da ke jikin mota ko allon shago bai isa ba. Ana bincike a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, don samun cikakken suna da adireshin ofishin da aka yi wa rajista, inda za a kai sammaci. A harkar dakon mai sau da yawa mai mota daban, mai man daban, mai gidan man da za a sauke wa daban, kowannensu kuma da nasa nauyin. Ƙa'ida ita ce ubangida na ɗaukar alhakin sakacin ma'aikacinsa a bakin aiki, amma ba kullum yake ɗaukar na ɗan kwangilar da ya ba aiki ba. Ya kamata kuma a binciki ƙarfin aljihun wanda ake ƙara da inshorarsa, domin hukunci a kan kamfanin da ba shi da kadara takarda ce kawai. Daga watan Janairun 2023 Hukumar Inshora ta Ƙasa ta sa iyakar abin da inshorar dole ke biya na ɓarnar dukiyar wasu a kan Naira miliyan uku ga motar gida, miliyan biyar ga manyan motocin dakon kaya.

Mataki na huɗu shi ne zaɓen wakilai. Wajibi ne wakili ya kasance ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa, ba mai unguwa ko ɗan siyasar da ya zo taimako ba. Ana kiran taro, a rubuta abin da aka zartar, mahalarta su sa hannu a takardar ba da izini, sa'an nan lauya ya gabatar da ita tare da takardar rantsuwa don neman amincewar kotu. Wannan zaɓe na bukatar natsuwa, domin Kotun Ƙoli ta bayyana a 1987, a shari'ar Otapo da Sunmonu, cewa ragamar ƙara tana hannun wanda sunansa ke kan takarda, hukuncin da aka yanke kuma ya hau kan duk waɗanda yake wakilta. Idan aka faɗi, kowa ya faɗi, babu mai sake ɗauko maganar. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta iya kai ƙara da sunanta, sai ta hannun wakilai ko kuma ta yi rajistar amintattu a ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2020.

Mataki na biyar shi ne duba wa'adi. Kowace jiha na da dokar da ta ƙayyade shekarun da za a iya kai ƙara bayan faruwar abu, wa'adin rauni a jiki da na rasa rai kuma yakan fi na bashi ko yarjejeniya gajarta. Idan akwai hukumar gwamnati a cikin waɗanda za a kai ƙara, Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta sa wa'adin watanni uku kacal, wasu hukumomin kuma dokarsu ta wajabta a ba su sanarwa a rubuce kafin a shigar da ƙara. Tattaunawar sulhu ba ta tsayar da ƙidayar wa'adi, kuma an sha ganin masu gaskiya sun rasa haƙƙinsu suna jiran cika alkawarin baka.

Mataki na shida shi ne zaɓen kotu. Ƙarar sakaci ko karya yarjejeniya tsakanin jama'a da kamfani ta Babbar Kotun Jiha ce, wadda ke zama a Suleja da Minna. Sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wasu batutuwa ga Babbar Kotun Tarayya, ciki har da ma'adinai da haƙar mai, a shekarar 2001 kuma Kotun Ƙoli ta ce malalar ɗanyen mai daga bututu na cikin waɗannan. Rigimar ma'aikata da kamfaninsu ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce. Kuskure a wannan gaɓa na iya rushe shari'ar da aka shekara goma ana yi.

Mataki na ƙarshe shi ne shigar da takardu. Lauya kan fara da wasiƙar neman biya, idan ba a sami biyan bukata ba sai ya shigar da sammaci tare da bayanin ƙara, sunayen shaidu, bayanansu bisa rantsuwa da kofen takardun da za a dogara da su, duka a lokaci ɗaya. Tun daga hukuncin Kotun Ƙoli na 2007 a shari'ar Okafor da Nweke, takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya ba ta da inganci.

Abin da ya faru a Kano

Shari'ar da ta fi shahara a Arewa ita ce ta maganin Trovan. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutane fiye da 11,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 ne suka shiga gwajin, aka ba rabinsu Trovan, rabi kuma wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar daga rukunin farko, shida daga na biyu, wasu kuma suka nakasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, ba a kuma nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta, yana cewa an sami amincewar iyaye kuma cutar ce ta yi ɓarnar.

Bayan jaridar Washington Post ta bankaɗo maganar a watan Disamban 2000, iyalai kimanin 30 suka shigar da ƙara a birnin Niyok a 2001. Sau biyu, a 2002 da 2005, kotun farko tana korar ƙarar, sai a watan Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a saurare ta. A gida kuwa Gwamnatin Jihar Kano da ta Tarayya sun shigar da nasu ƙararrakin a 2007. A watan Yulin 2009 aka yi sulhu da Jihar Kano a kan Dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 ga asusun waɗanda aka yi gwajin a kansu, miliyan 30 don ayyukan kiwon lafiya, miliyan 10 kuma kuɗin shari'a.

Sai dai sulhun bai kawo ƙarshen wahala ba. Waɗanda suka fito neman diyya sun ninka adadin yaran da aka yi gwajin a kansu, har aka koma gwajin ƙwayoyin halitta don tantancewa. Sai a watan Agustan 2011, shekaru 15 bayan gwajin, iyalai huɗu na farko suka karɓi Dala 175,000 kowannensu. Da a ce iyayen suna da rajista da katunan asibiti tun 1996, da tantancewar ta zo da sauƙi. Daɗin daɗawa, ƙofar kotunan Amurka ta ƙuntata tun 2013, sa'ad da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a shari'ar Kiobel cewa dokar da aka dogara da ita ba ta shafi abin da ya faru kacokan a wata ƙasa ba.

Kuɗi da lokaci

Dokar aikin lauya a Nijeriya ta halatta yarjejeniyar da lauya zai karɓi wani kaso na diyya idan an yi nasara. Ya wajaba a rubuta ta, a fayyace kason, a kuma bayyana wanda zai biya kuɗin ƙwararru da na ɗaukaka ƙara. Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, na taimaka wa marasa ƙarfi a wasu ƙararraki, ciki har da na haɗurra. Inda ake karo-karo, ya dace a buɗe asusun banki mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, a riƙa ba da rasiɗi, a kuma karanta lissafi a gaban taro, domin sau da yawa rikicin kuɗi ke kashe ƙarar gayya tun kafin lauyan kamfani ya buɗe baki.

Lokaci shi ma kuɗi ne. Al'ummar Ejama-Ebubu ta Jihar Ribas ta soma shari'a da kamfanin Shell a 1991 a kan malalar mai da ta faru wajen 1970, ta sami hukunci a 2010, amma sai a watan Agustan 2021 kamfanin ya amince ya biya Naira biliyan 45.9. Idan farashin kaya na hawa da kashi 20 cikin 100 a shekara, darajar kuɗi na raguwa da rabi cikin ƙasa da shekaru huɗu, Naira miliyan ɗaya kuma bayan shekaru goma ba za ta sayi abin da Naira 162,000 ke saye a yau ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi ta watan Disamban 2024 a kan kashi 34.8 cikin 100. Da wannan ma'auni ne masu ƙara ya kamata su auna duk tayin sulhu, maimakon kallon yawan adadin da aka rubuta a takardar ƙara.

Sulhu da rabon diyya

Galibin manyan ƙararrakin gayya da sulhu suke ƙarewa. A watan Janairun 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya al'ummar Bodo ta ƙasar Ogoni Fam miliyan 55 saboda malalar mai da ta soma a 2008, bayan ƙarar da aka shigar a Landan. An ware Fam miliyan 20 ga al'umma, miliyan 35 kuma ga mutane 15,600, akasarinsu masunta, inda kowa ya sami kimanin Fam 2,200 kai tsaye a asusunsa na banki. A cewar lauyoyin al'ummar, tayin farko da aka yi wa garin baki ɗaya bai wuce Fam 4,000 ba. Abin da ya sa rabon ya tafi daidai shi ne an san sunan kowane mai ƙara da sana'arsa tun kafin kuɗi su fito.

Don haka ya dace a amince da ƙa'idar rabo a rubuce tun ranar da aka zaɓi wakilai: nawa ne kason rai, nawa ne na rauni, nawa ne na dukiya, wa zai karɓi na marayu, kuma ta wace hanya za a raba na mamaci tsakanin magadansa. Kowace yarjejeniyar sulhu ya kamata a kai ta gaban alƙali ta zama hukuncin kotu, domin ta haka ne za a iya neman umurnin cire kuɗin daga asusun kamfani a banki idan ya saɓa.

Akwai kuma ƙofofin da suka fi kotu araha, waɗanda ya kamata a fara ƙwanƙwasawa. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC da ke karɓar koken masu saye, ta kuma ba ƙungiyoyin kare masu saye da aka amince da su damar tsayawa a madadin jama'a. Koken wutar lantarki, na waya da na banki kowanne na da hukumar da ke sa ido a kansa, da tsarin shigar da ƙorafi wanda ba a biyan kuɗi. Ko da ba a sami biyan bukata a can ba, wasiƙun da aka yi musaya da rahoton hukumar sukan zama hujja a kotu, muddin dai ba a bari wa'adin kai ƙara ya wuce ana jira ba.